Yadda ake tsara wa uwar yaro mai lalura ta musamman lokacin hutu

Uwar da ɗanta ya kai shekara shida bai iya zama da kansa ba, ko yake farfaɗiya cikin dare, ko yake ficewa titi da zarar an kau da ido, aikinta ba shi da lokacin tashi. Ta ba shi abinci cokali-cokali, ta juya shi, ta goye shi zuwa asibiti, ta yi wanki, dare ya yi ta kwana rabin ido biyu. Idan aka shekara uku, aka shekara biyar a haka, ciwon baya da hawan jini da saurin fushi ne ke biyo baya, kuma ranar da ta kwanta ciwo babu wanda ya san yadda ake ciyar da yaron. Maganin wannan shi ne a samu wani amintacce, a koya masa aikin, ya riƙa karɓar yaron na wasu sa'o'i ko na kwana guda, a ranar da kowa ya sani.

A Ingila tun 2011 doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar wa iyayen yara masu nakasa irin wannan gajeren hutu. Sashe na 28 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, shi ma ya ambace shi cikin tallafin da iyalai marasa ƙarfi ya kamata su samu. Amma a mafi yawan garuruwanmu ba ofis ne zai aiko da mai karɓar yaro ba. Dangi ne da maƙwabta, kuma taimakonsu yakan tsaya a “Allah ya ba shi lafiya” ne saboda tsoro, ba don rashin tausayi ba. Wanda bai taɓa ganin farfaɗiya ba yana tsoron a bar shi da ita. Saboda haka mafi yawan aikin tsara hutun nan koyarwa ne.

Fara da rubuta aikin yini guda

Ku ɗauki takarda ku rubuta duk abin da ake yi wa yaron daga Asuba zuwa wata Asubar, da lokacin kowanne: magani, abinci, wanka, canza famfas, motsa gaɓoɓi, juyi, tashin dare. Wannan jerin zai nuna inda nauyin ya fi yawa. Wata uwa barci ne babbar matsalarta, wata kuma fita ce: ta shekara ba ta je asibiti don kanta ba, ba ta je suna ko gaisuwar mutuwa ba. A kan wannan za a zaɓi irin hutun.

Ku fara da kaɗan: sa'a uku, sau ɗaya a mako, a rana tsayayya. Misali kowace Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa Azahar. “Duk sanda kika gaji ki kira ni” ba tsari ba ne, domin uwa mai kunya ba za ta kira ba sai ta faɗi. Idan rana ta tsaya, ba sai ta roƙa ba kowane mako.

Wa za a bar wa yaron

Uba ne na farko. Yana cikin gidan, yaron ya san muryarsa, kuma idan yaron ya kai kilo 20 shi ne ya fi ƙarfin ɗaga shi. Maigida da ya iya ba ɗansa magani da abinci ya rage wa matarsa rabin fargaba. Bayansa a nemi mutum biyu, ba ɗaya ba, domin ɗaya zai yi tafiya, zai yi jego, zai yi rashin lafiya. Gwaggo, inna, abokiyar zama idan akwai fahimtar juna, ko maƙwabciya da aka daɗe da sani, duk suna iya yi. Abin dubawa shi ne haƙuri, ƙarfin jiki, da kuma mutum ya yarda a gyara masa. Kaka mai ciwon gwiwa za ta iya zama da yaro ta yi masa hira, amma kada a bar ta ita kaɗai da ɗaga shi zuwa banɗaki.

Kada a ɗora wa yaya mace mai shekara 12 wannan nauyi har ya cire ta daga makaranta. Tana iya taimakawa a gaban babba. Barin ta ita kaɗai da yaro mai farfaɗiya zalunci ne ga su biyun.

Akwai wata magana da ba a son yi, amma dole ce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 ya nuna yara masu nakasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, kuma wanda ba ya magana ba zai iya kai ƙara ba. Don haka a ƙayyade wanda zai yi wa yaron wanka da tsarki, kada a rufe ƙofa da shi, uwa kuma ta riƙa duba jikinsa idan ta dawo. Yaron da ya fara firgita da ganin wani mutum, a ɗauki abin da muhimmanci, ko da mutumin ɗan uwa ne.

Takardar yaro

Shafi ɗaya ya isa, a yi kwafi biyu, ɗaya a manna a bango, ɗaya a cikin jakarsa. A rubuta sunan kowane magani kamar yadda yake jikin kwali, adadin da ake ba shi da ƙarfe nawa. A rubuta abin da yake ci da wanda yake ƙware shi, abin da jikinsa ba ya so, da yadda yake nuna yunwa, ciwo, ko buƙatar banɗaki idan ba ya magana. A sa abin da ke tayar masa da hankali, kamar ƙarar janareto ko taron mutane, da abin da ke kwantar da shi. A ƙasa a sa lambar uwa, ta uba, ta mai Adaidaita Sahu ko mai mota da zai amsa waya cikin dare, da sunan asibitin da katinsa yake. Katin asibiti da kuɗin mota su zauna a ambulan ɗaya, a wurin da mai kula ya sani. Idan mai kula ba ya karatun boko, a rubuta masa da ajami ko a yi masa saƙon murya a waya, a kuma ware maganin kowane lokaci a ƙaramar leda daban.

Abubuwan da sai an koyar da hannu

Ciyarwa ita ce ta fi haɗari ga yaron da lalurar ƙwaƙwalwa ta taɓa masa haɗiya. A zaunar da shi a miƙe, a tallafe bayansa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, kada kansa ya faɗa baya. Idan kai ya faɗa baya hanyar numfashi a buɗe take, abinci ya gangara huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da limoniya ba a san mafarinsu ba. Ƙaramin cokali ake amfani da shi, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ruwa da kunu mai tsinkewa sun fi saurin ƙware irin waɗannan yara fiye da kunu mai kauri ko fate mai laushi, amma likitansa ne zai faɗi kaurin da ya dace da shi. Ɗura haramun ce a nan: toshe hanci a zuba kunu ya kashe yara masu ƙoshin lafiya ma. Abinci ɗaya yana iya ɗaukar rabin sa'a ko fiye, kuma bayan an gama a bar shi a zaune na minti 30. Tari lokacin ci, murya mai gurgurar ruwa, ko ido ya kawo ruwa, alamu ne na a dakata. Idan abu ya shaƙe yaron da ya wuce shekara ɗaya, ya kasa tari ko kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, sannan a tsaya bayansa a danna saman cibiya ciki da sama sau 5, a maimaita, wani kuma ya nemo mota.

Farfaɗiya kuwa, a fara da cire tsoro: ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ba shi ruwa ko rubutu ko man ja, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta, kada a turara masa hayaƙi. Cokali karya haƙori yake yi, ruwan kuma huhu yake tafiya. A kwantar da shi a kan gefen jikinsa don yawu ya fita, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko wata ta biyo bayan wata bai farfaɗo ba, ko numfashinsa bai daidaita ba, asibiti kai tsaye. Babban abin da ke tayar da ita a hannun sabon mai kula shi ne tsallake magani. Magunguna irin su phenobarbitone, carbamazepine da sodium valproate ba a dakatar da su rana tsaka don an ga yaro ya samu sauƙi, kuma ba a ninka su don an manta da na safe. A sa ƙararrawa a wayar mai kula.

Yaron da ba ya iya juyawa da kansa, a canza masa kwanciya ko zama duk bayan sa'a 2. A duba dunduniya, ƙugu, ƙashin gindin baya da ƙeya. Wurin da ya canza launi, ya yi zafi ko tauri, kuma bai koma daidai ba bayan rabin sa'a da ɗauke nauyi, farkon gyambon kwanciya ne. A fata mai duhu sai an taɓa da hannu ake ganewa. Wajen ɗaga shi, a durƙusa da gwiwa, a jawo shi jiki, hannu ɗaya a baya ɗaya ƙarƙashin cinyoyi. Ba a jan sa ta hannuwa. Hanya mafi sauƙi ta koyar da wannan ita ce a tafi da mai kula ranar ganin likitan gashi, a Asibitin Malam Aminu Kano ne, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko Shika, ko duk inda ake kai shi, ya gani da idonsa ya kuma gwada a gaban likita.

Idan yaron mai yawan fita ne, a zagaya gidan da zai zauna kafin ranar. Rijiya a rufe da murfi mai nauyi, randa da bokitin ruwa ma haka, sakata ta kasance sama da tsayinsa, murhu da kalanzir da fiya-fiya a nesa.

Miƙa yaron sannu a hankali

Zuwan farko uwa ce ke yi, mai kula yana kallo. Na biyu shi ke yi, uwa tana kallo tana gyarawa. Na uku uwa ta koma wani ɗaki ko maƙota na sa'a ɗaya. Sai bayan nan ta fita na sa'a uku. Kwana kuwa sai an yi irin wannan fitar sau da dama lafiya, kuma daren farko ya fi kyau a yi shi a gidan yaron, kan shimfiɗarsa. Uwa ta yi masa sallama ta gaya masa lokacin da za ta dawo, ko da ana ganin ba ya fahimta. Sulalewa a ɓoye ita ke sa yaro ya riƙa manne mata daga baya. Kukan rabuwa na makonnin farko ba dalilin fasa tsarin ba ne. Abin lura shi ne ko yana yin shiru bayan ta tafi, yana kuma cin abinci.

Idan dangi ba su kusa

Iyaye uku ko huɗu da ke haɗuwa a layin asibiti suna iya yin karɓa-karɓa kamar adashe: iyaye biyu su zauna da yaran, sauran su huta, mako mai zuwa a juya. Kada babba ɗaya ya riƙe fiye da yara biyu masu buƙatar ɗauka ko ciyarwa, kuma yaro mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna gida ranar. Idan mai kula ta haya ce, a yanke kuɗi da sa'o'i da aikin tun farko, a gaban shaida. Kula da yaron daban, wanke-wanke da shara daban. Idan aka haɗa mata duka, yaron ne zai zauna shi kaɗai a ɗaki.

Makaranta ma hutu ce ga uwa, kuma haƙƙin yaron ce. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har zuwa sakandare. Ku tambayi sashen walwalar jama'a na asibiti, ko reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa (JONAPWD) na jiharku, game da makarantu da cibiyoyin da ke kusa. Kafin ku bar yaro a kowace cibiya, ku je ba tare da sanarwa ba, ku ƙirga yara nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya, ku leƙa banɗaki, ku tambayi abin da suke yi idan farfaɗiya ta tashi. Inda ake ɗaure yara, ko ake ba su maganin barci ba da umarnin likita ba, ko ake hana iyaye shiga, kada ku bar shi ko na minti ɗaya.

Inda tsarin ke lalacewa

Yawanci daga uwar yake farawa: an ba ta sa'a uku, ta ƙarar da su a wanki. Hutun nata ne, ta yi barci, ta ga likita, ta je gidansu, ko ta fita da sauran yaran da su ma suke jiran lokacinta. Wani lokaci maganar mutane ce, a ce ta gaji da ɗanta. Wannan maigida ne ya kamata ya tare, ya gaya wa danginsa da bakinsa cewa shi ya tsara. Sai kuma mai kula da ta gaji amma kunya ta hana ta faɗa, ta fara kawo uzuri. Shi ya sa a ƙarshen kowane wata ake zama na ɗan lokaci a tambaye ta abin da ya yi mata wuya, a rage sa'o'i idan sun yi yawa, a kuma biya mata kuɗin mota ko da 'yar uwa ce. A wannan zaman ne ake ciro takardar bango a gwada ta da katin asibiti, domin likita yana canza adadin magani idan nauyin yaro ya ƙaru. Duk ranar da aka canza, a rubuta sabuwa da kwanan wata a samanta, a yaga tsohuwar har da kwafin cikin jaka.