Darasi na 9: Neman takardun bayani a sakatariyar ƙaramar hukuma

To iyayena da 'yan uwana, yau za mu koyi yadda mutum zai je sakatariya ya nemi a ba shi bayani a rubuce, misali nawa aka ware na gyaran rijiyar burtsatsen unguwarku, wa aka ba kwangilar, an biya shi ko ba a biya ba. Wannan ba roƙo ba ne, haƙƙinku ne. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan duk matakan gwamnati, ba ta tarayya kaɗai ba.

Mataki na ɗaya: wasiƙa

Ɗauko farar takarda da biro, ba fensir ba. A sama ka sa kwanan wata, wato rana da wata da shekara. Ƙasa da shi ka rubuta Zuwa ga Ciyaman, sai sunan ƙaramar hukumarku. Sannan ka faɗi abin da kake so, abu ɗaya tak, da sunan aikin da unguwa da shekarar da aka yi shi. Kar ka ce "ina son bayanin kuɗi", wane kuɗi? A ƙarshe sunanka, lambar waya, sa hannu ko dangwale. Ba dole ka faɗi dalilinka ba, doka ba ta nemi haka ba. In rubutun bai zauna ba tukuna kar ka ji kunya, wani zai iya nema a madadinka, ko ka faɗa da baki ma'aikacin ya rubuta ya ba ka kwafi.

Mataki na biyu: hatimi

Nan ne ake faɗuwa, don Allah a natsu. Kafin ka shiga sakatariya ka tsaya wajen mai fotokwafi ka yi kwafin wasiƙar, ka shiga da takarda biyu. Ɗaya tasu, ɗaya taka. A ofishin rajista ka miƙa duka biyun ka ce da ladabi, "Ranka ya daɗe, a buga min hatimi a tawa." Za a buga, a sa kwanan wata, a sa hannu, a dawo maka da ita. Duba da idonka, kwanan watan ya fito?

Mu sake. Takarda nawa? Biyu. Wacce za ka koma gida da ita? Mai hatimi. Madalla, kuna ƙoƙari wallahi.

Za a ce maka mai hatimin ya fita, ko ka bari kawai za mu kai wa oga, ko ai mun san juna. Ka zauna a benci ka jira, in bai dawo ba ka tafi da takardunka duka ka dawo gobe, amma kar ka bar ko ɗaya, domin wasiƙar da ba hatimi kamar bashi ne ba shaida, gobe a ce ba a taɓa ganinta ba kuma ba ka da ta cewa.

Haba jama'a, kullum sai an maimaita amma sai mutum ya je ya damƙa wa masinja a bakin get ya dawo yana murna wai ya kai. Me ka kai? Hajiya ke ma, ba a naɗe ta a bakin zani ta jiƙe, a sa ta a leda a ajiye. Hatimi, kwanan wata, sa hannu.

Mataki na uku: jira

Suna da kwana 7 su amsa. Za su iya ƙara wasu 7 amma sai sun sanar da kai a rubuce. Daga ina ake ƙirge? Daga ranar da ke jikin hatimin nan, kun gani ko.

Mataki na huɗu: kuɗi

Kuɗin kwafi kawai za ka biya. Karɓi rasit.

Mataki na biyar: in sun hana

Dole su rubuta dalili, don akwai abin da doka ta yarda a riƙe, kamar na tsaro da sirrin wani. Shiru ma hanawa ne. Kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, nemi lauya, ka tafi da takardarka mai hatimi.

Aikin gida

Rubuta wasiƙa ɗaya, ka zo da kwafi biyu.