Zaɓen cike gurbi a Majalisar Dokokin Bauchi: abin da mai neman kujera zai yi idan ɗan majalisa ya yi murabus

Fitowar ɗan majalisa a rediyo ya ce ya sauka, ko yaransa su baza labarin a Facebook, ba shi ke sauke shi daga kujera ba. Sashe na 306 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ya rubuta takarda da sa hannunsa zuwa ga Kakakin Majalisa, kuma murabus ɗin zai fara aiki ne daga lokacin da takardar ta isa. Daga nan Kakaki zai sanar a zaure, a kuma rubuta wa hukumar zaɓe ta INEC. Muddin wasiƙar nan ba ta je ba, INEC ba za ta motsa ba. Don haka kafin ka buga fosta ko ɗaya, bincika a ofishin akawun majalisa ko an aika. Wanda aka naɗa kwamishina, minista ko mai ba da shawara na musamman, sashe na 109 ne ke raba shi da kujerarsa. Kada kuma a je ana damun hukumar zaɓe ta jiha, BASIEC: aikinta zaɓen ƙananan hukumomi ne. Kujeru 31 na majalisar Bauchi, kamar 24 na Gombe, a hannun INEC suke.

Sashe na 116 ya ce a cike gurbi cikin kwana 30, sai fa idan bai fi kwana 90 ya rage wa majalisar ba. A aikace INEC kan tara gurabe daga jihohi ta yi su rana ɗaya. Kujerar Dass ta rasa mai ita a watan Agustan 2020 bayan kisan da aka yi wa Musa Mante Baraza, amma sai 5 ga Disamba aka yi zaɓen. Wannan jinkiri shi ke ruɗar 'yan takara su saki jiki. Ranar da jadawali ya fito, 'yan kwanaki kaɗan ake bai wa jam'iyyu su gama fidda gwani su miƙa sunaye ta shafin INEC na intanet, kuma idan shafin ya rufe babu roƙo.

Saboda haka takardu ake fara haɗawa. Sashe na 106 yana neman ɗan Najeriya mai shekara 25 (da can 30 ne, gyaran 2018 ya rage), mai ilimin da ya kai matakin sakandare ko makamancinsa, wanda jam'iyya ta tsayar. Baza takardunka a tabarma ka duba su ɗaya bayan ɗaya: shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, katin zaɓe, katin jam'iyya. Idan wata ta ce Muhammad Sani wata ta ce Sani Mohammed, ko shekarar haihuwa ta saɓa, gyara ta hanyar doka tun yanzu. Fom EC9, wanda ɗan takara ke cike bayanansa a miƙa wa INEC, rantsuwa ce, kuma abokin hamayyarka na cikin gida shi ne zai fara nemo kwafinsa.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, sashe na 107 ya ce ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da malamin makarantar gwamnati duk suna ciki. Ƙirga kwanakin daga ranar zaɓe zuwa baya, ka miƙa takardar, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Albashin da ya ci gaba da shiga asusunka bayan haka hujja ce a kanka.

Fidda gwani nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince da 'yar tinƙe, da daliget, da maslaha; ta 2026 da ta maye gurbinta ta cire daliget. Amma maslaha sai kowane mai neman tikiti da aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye. Zama a falon wani babba a ce an daidaita bai wadatar ba. Uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke sanar da INEC, jami'an hukumar kuma su halarta su rubuta rahoto. Kowa ya ga abin da ya sami APC a Zamfara a 2019: Kotun Ƙoli ta soke duk nasarorinta saboda ba ta yi sahihin fidda gwani ba. Wanda ya shiga takara aka zalunce shi, kwana 14 kacal yake da su ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya.

Wajen kamfe, rage gangami ka ƙara bin gida-gida. Masu kati a rumfunan mazaɓar kaɗai ke jefa ƙuri'a. Idan gurbin Zungur/Galambi ne, taron da aka kwaso daga cikin garin Bauchi ihu kawai zai ƙara maka. Zaɓen cike gurbi bai cika samun fitowar jama'a ba, musamman idan ya faɗo da damina ko ranar kasuwa, don haka a kowace rumfa a san su wa ke da kati a hannu, a san mai tunatar da su. Ana rufe kamfe awa 24 kafin ranar zaɓe. Nasara da rinjaye ce kawai, ba a neman kashi 25 cikin ɗari kamar na gwamna.

Mutum mafi daraja a ranar shi ne wakilinka na rumfa. Ya zama mai karatu da lissafi, sunansa ya shiga shafin INEC kan lokaci, ya rataya katinsa, a kai masa abinci da ruwa inda yake don kada ya tashi. Ƙarfe 8:30 ake buɗewa. Ya ga an nuna akwati babu komai, ya ga na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe tana kan sifili. Ƙarfe 2:30 ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi zai jefa. Bayan an ƙirga a bainar jama'a, ya leƙa adadin waɗanda BVAS ta tantance, ya gwada da abin da malamin zaɓe ya rubuta a fom EC8A, takardar sakamakon rumfa, da lamba da kalmomi. Kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Ya karɓi kwafinsa, ya tsaya har a ɗauki hoton takardar a tura IReV, shafin INEC na duba sakamako, sannan ya bi sakamakon zuwa cibiyar gunduma, inda ake kwafe shi a EC8B.

A gargaɗi magoya baya kan aringizo. A ce BVAS ta tantance mutum 312 aka samu ƙuri'a 320: rumfar ta soku, ko da kai ka cinye ta. Idan kuma ratarka 400 ce, alhali waɗanda suka karɓi kati a rumfunan da aka soke sun kai 900, baturen zaɓe ba zai bayyana ka ba, sai an sake zaɓe a wuraren.

Wanda aka bayyana zai karɓi takardar shaidar cin zaɓe daga INEC, ya bayyana kadarorinsa, ya yi rantsuwa a gaban majalisa. Ragowar wa'adin wanda ya sauka zai ƙarasa, ba sabbin shekaru huɗu ba. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara a kotun zaɓe, ita kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180. Idan an ɗaukaka ƙara, cikin kwana 60 ake yanke ta, kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara shari'ar ɗan majalisar jiha take tsayawa. Tun daren zaɓe a tattara kwafin EC8A rumfa-rumfa da sunayen wakilan da za su iya ba da shaida a miƙa wa lauya, a kuma rubuta wa INEC da wuri a nemi kwafi masu hatimi da rahoton BVAS.