Yadda matan da suka yi gudun hijira za su kafa ƙungiyar taimakon juna a Katsina

Duk wanda ke zaune cikin garin Katsina ya san tun wajen 2019 da abin 'yan bindiga ya yi ƙamari mata da yara ke ta kwararowa daga Batsari, Safana, Jibia, Ɗanmusa, Ƙanƙara, har Faskari da Sabuwa da Dandume, duk dai garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ko iyakar Zamfara ko ta Kaduna. Namu ba irin na Maiduguri ba ne da za ki ga babban sansani da tantuna a jere. A nan yawanci mace gidan 'yan uwa take raɓawa, ko kangon wani, ko su haɗu su uku su kama ɗaki guda a bayan gari. To kinga wadda ke raɓe ba wanda ya san da zamanta, in an kawo tallafi sai dai ta ji labari. Shi ya sa nake ganin ƙungiya ita ce abin farko, tun kafin a yi maganar jari ko keken ɗinki. Ga yadda ake bi.

Da farko ku nemo juna, amma kada ku tara jama'a

Ba sai kin yi shela ba. Wurin ɗiban ruwa, wurin niƙa, islamiyyar matan aure, layin asibiti wurin awon yara, nan za ki ga 'yan garinku ko na kusa da ku. Ki fara da mutum biyar da kika san halinsu tun gida, kowace ta kawo biyu ko uku da za ta iya tsaya masu. In kun kai sha biyar zuwa ashirin da biyar ku tsaya haka nan. In ta wuce talatin wallahi surutu ne zai yi yawa kuma kuɗi ba su ƙirguwa a zama ɗaya, gara wasu su je su buɗe tasu.

Shawarata kuma ku saka matan unguwar da kuka tarar ko da uku ne. Wasu ba su son wannan, suna cewa ai su ba abin da ya same su. Eh haka ne, amma su ne suka san mai unguwa, su suka san dillaliya mai amana da wadda za ta cinye maki kaya, kuma in ba su ciki gobe su ne za su ce an zo an fi su samu a garinsu. Talaucin nan kowa na cikinshi.

Sai sallama ga masu gari

Kafin zama na biyu ku je wurin mai unguwa. Ku tura dattijai biyu cikinku, in da hali da namiji guda, mijin wata ko malamin islamiyya. Magana gajera ce: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga ƙasar Ruma, muna son mu riƙa zama duk Juma'a bayan la'asar gidan wance don adashi da taimakon juna, mun ce bari mu sanar da kai tunda kai ne uba." Shi ke nan. Kada ku roƙe shi komai ranar, ko sisi.

Wannan zuwan yana da amfani fiye da yadda ake zato, sabida a halin da ake ciki duk baƙon da ya fito daga yankin daji ana mashi kallon ko infoma ne, har mata ba a bari ba. In mai unguwa ya san fuskokinku da ranar zamanku, ba mai tashi ya ce wasu baƙi na taron asiri. Kuma shi ne zai kai ku gaba wurin dagaci da hakimi in buƙata ta taso. Kada kuma ku yanke da sarakunanku na gida, wadda ta fito Batsari har gobe talakar Sarkin Ruma ce, wato hakimin Batsari, takardar shaida daga can tana aiki in ana tantance waye ɗan gudun hijira na gaskiya.

Littafin sunaye

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ne ƙarfin ƙungiya yake. Ku sayi babban littafi mai bango mai kauri. Kowace mace a ba ta shafi guda: sunanta, garin da ta baro da ƙaramar hukuma, shekarar da ta baro, inda take zaune yanzun, miji na raye ko ya rasu ko yana hannun mutanen daji, ɗiya nawa da shekarunsu, su wa ke makaranta su wa ba su zuwa, sana'ar da ta iya, sannan tana da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa ko babu, katin zaɓe fa, asusun banki fa. In ba mai boko cikinku a rubuta da ajami ba laifi, ko a samu ɗiyar wata da ke sakandare ta riƙa rubutawa.

Dalili shi ne duk wanda zai kawo taimako, hukumar agajin gaggawa ta jiha ce (SEMA), ta tarayya ce (NEMA), hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa ce, ko ƙungiyoyin waje, abin da za su fara tambaya shi ne ina lis. In ba ku da naku to wani zai rubuta maku, kuma kun san yadda ake yi, sai ki ga sunan matar wani babba da ƙannenta sun cika takarda ke da aka ƙone wa rumbu kina waje. Littafin yana zama hannun sakatariya, in an nema a kwafa a bayar, asalin ba ya fita. Kuma kada a saka abin da zai tona asirin mace, wadda aka ɗauka aka yi mata abin da aka yi mata a daji wannan ba na littafi ba ne, tsakaninta ne da wadda ta yarda da ita da ma'aikaciyar asibiti.

Dan Allah ku kula da masu zuwa da fom suna cewa a kawo dubu ɗaya ko biyu za a saka ku cikin tallafi, ko su ce a ba su BVN da lambar da ta shigo waya. Tallafin gaskiya ba a sayen fom ɗinshi. Lambar da banki ya turo maki a waya ko mijinki ne ya tambaya ki tsaya ki ji dalili.

Shugabanni

Huɗu sun isa: shugaba, sakatariya, ma'aji, sai mai tsawatarwa. Kada shugaba da ma'aji su fito gida ɗaya ko su zama ya da ƙanwa. A zaɓe su shekara guda, in sun yi kyau a maimaita.

Kuɗi, adashi da akwati

Adashi kowa ta san shi, a yi zubi a ba mutum ɗaya kwasa, wani sati wata. Yana da kyau amma matsalarshi ga mai gudun hijira ita ce ciwo ba ya jiran kwasarki ta zo, kuma in wadda ta riga ta kwasa ta ji gari ya lafa ta koma ƙauye shi ke nan an shiga rigima. Don haka ku raba kuɗin gida biyu.

Na farko zubin sati, ku yanka abin da mafi rashi cikinku za ta iya, ko naira 200 ce, mai hali ta zuba biyu ko uku a rubuta mata. Daga nan ake ba da rancen jari, a biya cikin wata ɗaya zuwa uku. Na biyu asusun jin ƙai, kaman naira 50 kowace, wannan ba rance ba ne, na haihuwa ne da rasuwa da kai yaro asibiti cikin dare. Ku lissafa da kanku: mata ashirin, 200 duk sati, dubu huɗu kenan, a wata dubu sha shida. Ba yawa, amma ya isa mutum biyu su sayi waken suya su fara awara, ko tiyar gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli da mai.

A sa kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai hannun mata uku daban, akwatin kuma gidan ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a faɗi abin da ya rage, sati mai zuwa kafin a buɗe a tambayi jama'a nawa muka bari. Ko wadda ba ta karatu tana riƙe lissafi da ka. In kuɗi sun fara kauri kada a bar su ɗaki mai ƙofar langa-langa, a kai banki.

Maganar ƙari a kan rance kuma, ku bar ta. Mutanenmu ba za su yarda da kuɗin ruwa ba kuma suna da gaskiya. Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta sayi kaya da sari, buhun wake ko gero lokacin kaka da yake araha, ta sayar wa 'yan ƙungiya da 'yar riba sananniya, ribar ta koma akwati. Ku tambayi malami ya duba maku tsarin tun farko don kada daga baya wata ta ce haram ake ci ta watsa maku taro.

Abu ɗaya da ke kashe irin wannan ƙungiya: kowa ta ce awara za ta yi. Mata goma a layi ɗaya duk awara wa zai saya? Ku rarraba, wata ɗan wake, wata fura, wata daddawa, wata kitso da lalle, wata ɗinkin hula, wata taliyar murji, wadda ta saba kiwo a gida a haɗa mata tunkiya ko akuya in akwai wurin ɗaurewa. Matan ƙauye sun iya aiki wallahi, surfe da wankau da suke yi a gidajen mutane a ba su abin da bai kai ya kawo ba ba don ba su iya komai ba ne, jari ne babu.

Rajista da takardu

Bayan kamar wata uku zuwa shida kuna zama ba fashi, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma sashen da ke kula da ƙungiyoyi da ci gaban al'umma ku yi rajista, ku tafi da sunan ƙungiya, dokokinku a rubuce ko shafi ɗaya ne, da sunayen shugabanni. Ku karɓi rasit na duk abin da kuka biya. Da satifiket ɗin ne ake buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, a sa sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, ba yanzu ba, sai kun girma.

Sannan ku bi littafinku ku ga su wa ba su da NIN, ku ɗauki rana ku tafi tare, yawancin tallafin gwamnati yanzu ba NIN ba asusu ba ki ciki. Yara a karɓo masu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da yawa tasu ta ƙone ko an baro ta. Katin zaɓe kuma INEC na ba da damar a maido shi rumfar da kike zaune yanzu in an buɗe rajista, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, kansila na jin maganar mata ashirin masu ƙuri'a a mazaɓarshi fiye da ɗari da ƙuri'arsu ke Safana.

Yadda ake kai kuka a ji

Kada ku je ofis ku ce a taimaka mana kawai, za a ce Allah ya kawo sauƙi ku dawo hannu rabbana. Ku zaɓi abu ɗaya. Misali yara talatin da ke cikin littafinku ba su zuwa makaranta, to ku rubuta sunayensu ku kai wa hedimasta na firamaren unguwa, in ya ce ba wuri ku wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Firamaren gwamnati haƙƙin yaro ne ko daga ina ya zo. In famfon unguwa ne ya lalace ku haɗa kai da matan gari ku je wurin kansila tare. Takarda kofi biyu, a buga maku hatimi a ɗaya ku dawo da ita, bayan sati biyu ku koma, ku sake komawa. Mutum uku su je, ɗaya ta yi magana, ba kuka ba zagi.

Ku nemi a saka ɗaya cikinku kwamitin makaranta da kwamitin asibitin mazaɓa, nan ake fara jin labarin rigakafi da gidan sauro da abincin yara masu tamowa. Tamowar nan kuma kada a tsaya jiƙe-jiƙe, in yaro ya fara ramewa ko ƙafa ta kumbura a kai shi, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na aikin tamowa a Katsina tun 2021 kuma kyauta ne. Ƙungiyoyin mata da suka daɗe kaman FOMWAN ta mata Musulmi, da ma'aikatar mata ta jiha, su ma ku kai masu gaisuwa da kofin sunayenku.

Zaɓen 2027 na tafe, za a zo maku da atamfa da taliya da sabulu. Wadda ta ga za ta karɓa ita ta sani, ba zan ce ma mai yunwa kada ta karɓa ba, amma kada a saka sunan ƙungiya cikin wata jam'iyya, kada a ba ɗan siyasa littafi, kuma kada a yi taron kamfen ranar zubi. Cikinku akwai masu ra'ayi daban-daban, ranar da ƙungiya ta zama ta wane to rabi za su daina zuwa.

In wata za ta koma gida

Yanzu da ake ta sulhu a wasu ƙananan hukumomi wasu na komawa, musamman da damina don noma. Ku sa wannan cikin doka tun ranar farko: mai tafiya ta faɗa da sati biyu, a lissafa zubinta a cire bashin da ke kanta a ba ta saura, na asusun jin ƙai kuwa ba a maidawa. Kada a goge shafinta, a rubuta ranar da ta tafi da lambar da za a same ta, don wasu sai sun je su ga ba dama su dawo, in ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya ba sai an sake neman mai tsaya mata ba.