Yadda za ka karanta tsohuwar wasiƙar da ka tsinta a gafakar kaka

Bara da rani muka sauke gafakar kakanmu a Gwandu, ganin gara ta fara hawa bangon da take rataye. A tsakanin littattafan fiƙihu sai ga wasiƙu bakwai, wasu da Larabci, wasu da ajami. Wata uku na yi ina fama da su, shi ya sa nake so in rage wa wani wahala.

Da farko wanke hannunka, ka bari ya bushe sarai. Tawadar mutanen da, da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon gumi ɗaya ya isa ya shafe kalma. Kada ka kai shago a manne ta cikin leda, kada kuma ka kusanto da salatif. Na liƙa shi a guda ɗaya, da na zo ɓarewa ya tashi da rabin layi, har yau abin na ci mini rai. Ɗauki hoton gaba da baya, ka riƙa karatu a waya.

Sai ka ɗaga takardar ka fuskanci taga. In ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, takardar Italiya ce, irin wadda ayari ke ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus a ƙarni na 19.

Rubutun Magaribi ne, ba irin na bugun Makka ba: harafin fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Yawancin wasiƙun ba su da kwanan wata. In ka yi dace da shekarar Hijira, riƙe 1250 a matsayin ma'auni, ta zo daidai da 1834 zuwa 1835.

Inda na fi so ka natsu shi ne gaisuwa. Da na fara, tsallake ta nake yi ina neman "bayan haka", ashe rabin labarin gida yana can: wa aka fara ambata, wa aka kira ɗan'uwa, wa aka yi wa ta'aziyya. Mutanen nan zumunci suke yi da alƙalami. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi musayar waƙa a lokacin da abokan gaba suka matso, harafin farko na kowane baiti in an haɗa sai ya ba da ayar "Fa'inna ma'al usri yusra". Ƙarfafa zuciya ce tsakanin wa da ƙanwa, a ɓoye a bakin layi. Don haka in ka ga baitoci a wasiƙa, bi haruffan farko daga sama zuwa ƙasa tukuna. Malam Abdullahin Gwandu ma, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, yakan faɗi dalilin waƙa kafin ya kawo ta, kai ma nemi dalilin taka.

Daga nan ɗauki hoton ka je wurin tsofaffin gida, ka karanta a bayyane. Akwai wata kalma da ta gagare ni mako biyu, na ɗauka sunan gari ne. Ina furta ta a gaban Goggo, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Kai yaro, maimaita." Ashe laƙabin kakar mahaifiyarta ne, wadda aka kai aure Argungu, kuma ita ce mai wasiƙar yake tambaya ko ta sauka lafiya.