Yadda ake auna raunin sigina da ingancin haɗin wayales

Kusan duk ɗalibin da na ga ya fara wannan bincike, lambobin RSSI yake kwasa ya zuba a jadawali, ya ce aiki ya ƙare. Alhali RSSI ƙarfin abin da eriya ta ji ne kawai. Ba ya faɗa maka ko saƙo ya isa lafiya.

Nemi na'urori biyu iri ɗaya. ESP32, ƙaramin allon lantarki mai Wi-Fi, ya wadatar, ba shi da tsada, kada ka ɓata kuɗi a kan manyan kayan awo tun yanzu. Ɗaure kowanne a sanda, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ka fara awo a tazarar mita 1. A 2.4 GHz, zangon da Wi-Fi ɗin ESP32 ke aiki a kai, a sarari, wannan mita ɗaya kaɗai na cin kusan 40 dB (decibel, ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina). Daga nan duk lokacin da ka ninka tazara, wasu 6 dB sun tafi. In asarar da ka auna ta zarce haka da yawa, to bango ne, ko ƙasa, ko jikinka.

Jikin nan shi ya ci ni. Na yi kwana uku ina awo, kwamfuta a hannu, ina tsaye tsakanin eriyoyin biyu, lambobi na ta hawa da sauka ban san dalili ba. Jikin mutum galibi ruwa ne, yana shanye sigina. Ka ja da baya, ka bar na'urar ta adana bayanan da kanta, kuma kada ka juya eriya tsakanin awo da awo.

Sai babban aikin: ƙirga fakiti, wato ƙananan ƙunshin saƙo da na'ura ke aikawa. A kowace tazara aika 500, kowanne da lambarsa, ka ga nawa suka iso. Yi amfani da broadcast, wato saƙon da ake watsa wa kowa, domin ba a sake aika shi in ya ɓata, sai asarar ta fito fili. Ka gwada daga ɓangarorin biyu, sau da yawa zuwa da dawowa ba ɗaya suke ba. Inda fakiti suka fara ɓacewa jefi-jefi, nan za ka ƙara wuraren awo.

In da 802.15.4 (tsarin rediyon da Zigbee ke amfani da shi) kake aiki, ɗauki tasha ta 26 don kauce wa Wi-Fi. LQI, lambar da ke nuna ingancin haɗi a wannan tsarin, daga 0 zuwa 255 yake, amma kowane kamfani da lissafinsa, kada ka kwatanta na cif daban-daban.

A ƙarshe zana RSSI a kan logarithm na tazara, ka ciro ma'aunin raguwa, wato lambar da ke nuna saurin raguwar sigina da nisa, daga gangaren layin: 2 a sarari, 3 zuwa 4 a cikin gini mai bangaye.