Darasi na 9: Ciwon kwatangwalo, wanda muke cewa sanyin ƙashi

'Yan uwa ɗalibai, kafin mu fara kowa ya dunƙule hannunsa na dama ya sa cikin tafin hagu ya juya. To haka gaɓar kwatangwalo take, kan ƙashin cinya dunƙulalle ne yana zaune cikin wani ɗan kwarmi a ƙashin ƙugu, kuma duka biyun lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, irin farin nan da kuke gani a kan ƙashin kaza in ana cin nama. Shi ke sa ƙafa ta juya ba zafi. In ya fara cinyewa sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, ciwon ke nan. Mu muna cewa sanyi ne ya shiga, gaskiya ne wasu sun fi jin shi lokacin hunturu, amma ba sanyin ne ya kawo shi ba, gaɓar ce ta ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke fama da irin wannan cinyewar gaɓa, a gwiwa ko kwatangwalo ko hannu, kuma mata sun fi yawa. Shekaru na kawo shi, ƙiba, tsohuwar karaya ko gocewa, da aikin ƙarfi irin noma da dako na shekara da shekaru. A wajenmu sai an ƙara da sikila, don tana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya lotsa, shi ya sa za ka ga matashi ɗan shekara 25 yana ɗingishi kamar tsoho.

Abin da ke rikita mutane shi ne inda ake jin zafin. Galibi a matsematsi yake, ya sauko gaban cinya, wani ma a gwiwa kawai yake ji ya yi ta shafa magani a gwiwa alhali matsalar na sama. Ku lura da Inna da asuba, ta farka ƙafar ta riƙe, sai ta dafa bango ta ɗan taka kafin ta sake, yawanci riƙewar ba ta wuce minti 30. Sannan tsuguno a masai ya zama aiki, zaman tahiya ya gagara, ɗaga ƙafa a hau babur sai da cije leɓe, yanke farcen ƙafa kuwa sai dai jika ya yi mata. In kun ga haka a je asibiti likita ya juya ƙafar ya gani, in da buƙata a ɗauki hoton ƙashi.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, ba ɗori ba tsaga ba ƙaho da zai maido shi, amma ana rage ciwon sosai, kuma babban maganin motsi ne. Na san hankali ba ya son yarda, mutum na jin zafi a ce ya motsa, amma kwanciya ita ke kashe naman cinya da na ɗuwawu, su kuwa su ke tallafe gaɓar. A kwanta rigingine a lanƙwasa gwiwoyi a ɗaga ƙugu sama a sauke a hankali, sau 10. A zauna kan kujera a miƙe a koma, shi ma sau 10. A dafa bango a buɗa ƙafar gefe a dawo da ita. Kullum, tare da ɗan tattaki a fili mai laushi, in an samu masu gashin ƙashi su gwada maka ya fi. Mai ƙiba ya rage ko da kaɗan ne. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, amma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, in hagu ke ciwo sanda a dama. Salla a zaune ta halatta ga wanda ya kasa tsayuwa, a sa kujera.

Sai maganar magani, nan ne nake roƙonku don Allah. Paracetamol na ɗan taimakawa, ibuprofen da diclofenac sun fi shi aiki amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, mai olsa ko hawan jini ko ciwon ƙoda kar ya sha sai likita ya ce. Haɗin nan da ake ƙullowa a leda a kemis ko a tasha, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, za ka ji garau kwana biyu, amma in aka daɗe ana sha yana tada suga, ya kumbura fuska, kuma shi kansa yana iya kashe kan ƙashin cinyar da ake son a ceta.

In ciwo ya kai ga hana barci da tafiya duk da an yi waɗannan, akwai tiyata, a cire kan ƙashin da ya lalace a sa na ƙarfe da kwarmin roba mai ƙarfi. Wani likita a Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan aikin wajajen 1962, yanzu ana yi a Najeriya har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma galibi gaɓar na kai shekara 15 zuwa 20 ko fiye. Akwai tsada, sai dangi sun haɗa hannu.

Amma in da zazzaɓi, ko wurin ya yi zafi ya kumbura, ko tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafar, ko ciwo da rama da gumin dare, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti ranar.

Aikin gida: rubuta sunan mutum ɗaya a gidanku mai irin wannan ciwon, ka tambaye shi inda yake jin zafin da maganin da yake sha, ka rubuto mana sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwalin.