Shakazobar bayan babur na sace iska: kurakuran da ake yawan yi wajen nemo inda take yoyo

Kafin komai bari mu raba zance, don ba kowace shakazoba ake hura wa iska ba. Yawancin mashinan da ke yawo a titunanmu, su Boxer da Jincheng na 'yan acaɓa, tasu ta baya sifirin ce da mai kawai, babu bawul babu wurin sa famfo, in ta mutu to mai ne ya tsiyaye ko sifirin ya saki. Masu iska kala biyu ne. Akwai wadda mai babur ke ƙara wa iska ko ya rage da kansa gwargwadon kayan da ya ɗora, ita ake samu a manyan mashina na hannu da ake shigo da su, kamar Honda Gold Wing GL1500 da aka ƙera daga 1988 zuwa 2000, da Harley-Davidson na doguwar tafiya har zuwa wajen 2016. Sai kuma mai gas, wadda aka cika da naitirojin tun daga kamfani, galibi za ka ga ɗan gwangwani manne a jikinta, irin ta Pulsar da mashinan tseren daji. Mutum ya kasa bambance su tun farko, duk abin da zai yi daga baya lalube ne kawai.

Toh, kuskuren da ya fi ci min rai shi ne a yanke wa shakazoba hukunci alhali ba a ma tabbatar tana yoyo ba. Iskar da ke cikinta ba ta wuce cikin kofin shayi ba, ba kamar taya ba ce da za ka ɗana geji sau goma ba ta ji ba. Duk sanda ka ɗora gejin taya ka ji wannan "fis" ɗin, psi (ma'aunin matsin iska) da dama sun tafi. Sai mutum ya auna ya ga 40, bayan minti biyar ya sake aunawa ya ga 35, ya kuma ya ga 30, sai hankalinsa ya tashi wai iska na zurarewa, alhali shi da hannunsa yake fitar da ita. Abin da ake buƙata ɗan famfon hannu ne na shakazoba mai geji a jikinsa, wanda bakinsa ke rufe bawul kafin a kwance shi. Kuma ko da shi ɗin, in ka sake ɗaurawa tiyon famfon sai ya cika da iskar shakazobar, allura ta ɗan sauka. Don haka ka hura, ka cire, ka mayar nan take, ka rubuta nawa ta sauka. Wannan adadin shi ne asarar famfonka, gobe in ka auna sai ka cire shi daga lissafi, abin da ya rage shi ne yoyo na gaskiya.

Zafi da sanyi ma suna ruɗa mutane sosai. Ka hura 40 da rana tsaka bayan ka dawo daga tafiya shakazoba ta ɗau zafi, washegari da asuba lokacin hunturu ka auna, dole ka ga ta ragu. Bambancin digiri 20 kaɗai yana iya sauke maka psi 3 zuwa 4 ba tare da ko ƙwayar iska ta fita ba. Haka in jiya ka auna babur na kan babban jak tayar baya a sama, yau kuma yana tsaye da nauyinsa ko da akwatunan kaya cike, lambar ba za ta zo ɗaya ba. A riƙa aunawa lokaci ɗaya, babur a huce, a tsaye iri ɗaya.

Sai maganar injin mai faci. Dan Allah kar ka bari a sa wa shakazobarka wannan tiyon. Tankin kwamfuresa yana riƙe da psi sama da 100, kafin ka ce "tsaya" ya riga ya cika ta ya wuce iyaka, sil, wato robar da ke tare mai da iska a ciki, ya fashe ko tiyon da ke kai mata iska ya fice daga mazauninsa. Gold Wing iyakarta 57 ce, Harley wasu 35 wasu 50, ya danganta da shekara, littafin babur ɗin ko takardar da ke manne a jikinsa za su faɗa maka. Da yawa waɗanda ke kukan yoyo, ranar da aka hura musu a bakin titi ne matsalar ta fara, ba laifin mai facin ba ne, shi aikin taya ya sani.

In an tabbatar iska na raguwa da gaske, nan ma sai a yi tsalle a tafi ga abu mafi tsada. Bakanike ya dubi babur ya ce "Alhaji shakazobar ce ta tafi, sai an yi odar wata," ba tare da ya taɓa bawul ba. Malam, fara da bawul. Ɗan tsinken da ke cikinsa, irin na taya ne sak, yana sassautawa ko ƙura ta maƙale a bakinsa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka hura har kusa da iyakar da aka yarda, ka haɗa ruwan sabulu, ka ɗiga a bakin bawul ka tsaya ka kalla. Daga nan ka bi tiyo taki-taki, gindin bawul, mahaɗar da ta raba iska zuwa hagu da dama, da inda tiyo ya shiga kan kowace shakazoba. Waɗannan siraran tiyon na roba ne mai tauri, da shekaru da zafin ƙasarmu suna bushewa su tsage, wani ya goga da firam har ya huje, wani kuma an mayar da shi kusa da salansa bayan wani gyara ya narke ta gefe ɗaya inda ido ba ya kaiwa.

Gaggawa ce ke ɓata gwajin sabulun. Mutane suna jiran su ga manyan ƙwai suna tashi, in ba su gani cikin daƙiƙa goma ba sai su wuce gaba. Ƙaramin yoyo ba haka yake nuna kansa ba, wata farar kumfa ce mai laushi take taruwa a hankali, sai ka ba ta minti uku ko biyar, wani lokacin ma sai da tocila. Kuma akwai yoyon da ba ya fitowa sam in babur na tsaye shiru, sai shakazoba ta nutse zuwa wani wuri, don haka ka sa wani ya hau ya riƙa danna bayan yana saki kai kuma kana kallo. In ka gama ka wanke sabulun da ruwa, barinsa yana kawo tsatsa.

In yoyon a bakin tiyo yake, gyaran ba wuya, amma nan ma ana ɓata shi. A zare tiyon, a yanke ɗan bakin da ya gaji da sabuwar reza, yanka a miƙe, a tura shi har ya zauna. Masu yankewa da filaya suna matse bakin ya zama ba zagayayye ba, zoben robar da ke ciki ya kasa kama shi, yoyo ya ma fi na da. Sufa gulu da ɗaurin robar tsohon tub ba sa riƙe iska a nan. Haka ɗaure mahaɗa da ƙarfin tsiya, zaren ne zai cinye, ƙaramin aiki ya koma babba. Kuma kar a kuskura a ɗura ruwan nan na like fancar taya, zai toshe ƙananan ramukan da mai ke bi a ciki ya kashe shakazobar gaba ɗaya.

Idan ka bi duk wannan ba ka ga komai ba amma iska na ci gaba da sauka, to raba ta hagu da ta dama. Tunda tiyo ɗaya ke ciyar da biyun a yawancin masu shakazoba biyu, ɗaya ta yi yoyo duka za su sauka, shi ya sa ake sayen biyu alhali ɗaya ce mara lafiya. Toshe ɓangare ɗaya, hura ɗayan, bar shi ya kwana, sannan ka juya. Wadda ta faɗi sai a ciro ta, a hura mata iska kaɗan a tsoma a bokitin ruwa a tsaye, kar a kwantar da ita ko a kifa ta da baki a buɗe don mai zai biyo ta ramin iskar ya zube. A masu kwamfuresa a jiki kamar Gold Wing akwai ƙarin wurin zargi, bawul ɗin da ke hana iska komawa baya da na sakin iska, su ma in datti ya shiga suna sacewa a hankali ta ciki inda sabulu ba zai nuna ba, in ka raba layin kwamfuresa da na shakazoba za ka gane.

Danshin mai da ƙura ta manne a jikin sandar shakazobar nan mai sheƙi alama ce sil ya gama aiki, inda mai ya bi iska ma ta nan take bi. Amma kafin a sa sabon sil a shafa sandar da farce. In akwai ƙarzuwa ko ɗigon tsatsa da farce ke kamawa, sabon sil ɗin ma ba zai daɗe ba, sandar ce za ta yanke shi, sai dai a canza ta ko a nemi wata shakazobar.

Ita kuwa mai gas, lamarinta daban ne kuma akwai haɗari. Matsin cikinta yana kaiwa wajen psi 150, in ka danna bawul ɗinta don "ka ji ko akwai" to ka zubar da rabi ko duka a take. Alamominta a tafiya ake ji, baya ya riƙa lilo bayan an wuce rami, ko ka ji tana tsotson iska in ka danna. In an saki bawul mai ya fito tare da gas, robar da ke raba su a cikin gwangwanin ta fashe, ƙara gas ba zai yi magani ba sai an buɗe. Ba a buɗe ta sai an sauke matsin tas, ba a kai mata wuta, ba a huda ta, ba a yi mata walda. Kuma wallahi kar wani ya ce tunda babu naitirojin kusa bari a cika da tukunyar oksijin ta masu walda, oksijin mai matsi in ya haɗu da mai wuta yake kamawa ya tarwatse a hannun mutum. In garinku babu mai naitirojin da abin aunawa, a ciro ta a aika inda ake da shi.